Tarihin Sana'ar Maganin Itatuwa a Ƙasar Kontagora: Daga Sassaƙe zuwa Ƙwayoyin Gado

Sana'ar haɗa magani da itatuwa ta girmi garin Kontagora da nisa. Tun kafin Umaru Nagwamatse ya kafa garin a 1864, Kambari da Dukawa da Kamuku da sauran mazauna ƙasar da ke gabas da kogin Kwara suna da masu maganinsu, kuma dajin da ya kewaye su shi ne rumbun da suke ɗiba. Damina a wannan yanki tana da kauri, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, saboda haka itatuwa sun fi na ƙasar Kano da Katsina yawa da girma. A tudu akwai doka da maje da kaɗanya da ɗorawa da marke da ƙirya. A fadama da bakin rafi kuma ake samun maɗaci da tafashiya da giginya da gwaska.

Masu sana'ar da ƙa'idojinsu

Sana'ar ba ta taɓa zama ta mutum ɗaya ba. Wanzami yana da maganin kaciya da na tsaga, maɗori yana da na karaya, ungozoma tana da dauri da jiƙon mai jego, maharbi yana da dafi da makarinsa. Boka yana haɗa itace da sha'anin iskoki, malami kuma yana haɗa shi da rubutu da tofi. 'Yar mai ganye tana baza hajarta a kasuwa, magori kuwa yana yawo gari-gari yana yabon kayansa da bakinsa, har aka yi masa kirarin wasa kanka da kanka. Yawancin wannan sani gado ne, ɗa ya koya wurin uba, jika ta koya wurin kaka, kuma ba kasafai ake faɗa wa bare ba.

Duk da bambancin rassan, akwai ƙa'idar da kowa ya yarda da ita: ƙarfin itace ba ɗaya ba ne a kowane wuri da kowane lokaci. Saiwa tana da aikin da ganye ba shi da shi. Sassaƙen tsohuwar bishiya ya fi na 'yar ƙarama. Abin da aka haƙo da rani ya bambanta da na tsakiyar damina, na kan dutse ya bambanta da na fadama. Shi ya sa mai magani yakan bar bishiyar da ke bayan gidansa ya tafi can cikin daji neman irinta. Hanyar sarrafawa ma tana da nata hukunci, ko jiƙo, ko dahuwa, ko tsimi, ko gari, ko hayaƙi, ko surace, kuma sau da yawa akan jefa 'yar kanwa a ciki.

Fatake da sarakunan Sudan

Ƙasar tana kan tsohuwar hanyar fataken goro da ta haɗa Kano da Gwanja. Ayari yakan ratso ta wajen Kotonkoro ya ƙetare Kwara ta Yawuri ko ta Busa, ya bi ƙasar Bargu zuwa Salaga. Baturen nan Hugh Clapperton ya bi wannan yanki a 1826 a kan hanyarsa ta zuwa Kano da Sakkwato, ya kuma yada zango a Kulfo, wadda babbar kasuwa ce a lokacin. Ta irin waɗannan kasuwanni kanwa da kanumfari da citta da masoro da kimba suka shiga ƙunshin mai magani, suka haɗu da saiwoyin gida.

Umaru Nagwamatse ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ne, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. An ba shi sarautar Sarkin Sudan a 1859, ya rasu a 1876. Bayansa ɗansa Modibbo ya yi sarauta, sannan Ibrahim ya hau a 1880. Gidan da suka fito gida ne na rubutu, har a fannin magani, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wan Atiku, ya wallafa littattafai da Larabci a kan ciwon ido da basir da amfanin filasko. Da kafuwar masarautar sai ilimin ɗibbu na littafi ya zauna gari ɗaya da ilimin daji na mutanen ƙasa. Yaƙe-yaƙen wancan zamani sun watsa ƙauyuka da yawa, suka tara mutane daga ƙabilu dabam-dabam a birni, kowa da sanin itatuwan ƙasarsu. Yaƙi ya kuma ɗaga darajar masu dafa dafin kibiya da masu makarinsa.

Masu ɗaci da masu dafi

Itatuwan da aka fi jin tsoronsu su ne waɗanda kaɗan daga cikinsu yake yin aiki babba. Zaƙami, wanda ake kira haukata-yaro ko babba-jibji, yana busar da maƙogwaro, ya buɗe ƙwayar ido, ya gusar da hankali, in ya yi yawa ya kashe. Gwaska tana taɓa zuciya, kuma da ruwan sassaƙenta ake rantsar da wanda ake tuhuma da maita a wurare da dama na tsakiyar Nijeriya, al'adar da dokar laifuka ta zamanin Turawa ta haramta. Samberu, ɗan'uwan gwaska, sananne ne ga makiyaya saboda ganyensa yana kashe dabba. Saiwar fasa-ƙwari tana kashe zafin haƙori. Taba da goro kuwa sun zama abin yau da kullum, har mata suna goge haƙora da furen taba a kan jan goro don ado.

Abin da ya haɗa waɗannan shi ne wani rukunin sinadarai da ake kira alkaloyid. Sinadarai ne masu ɗauke da naitirojin, wato abin da manomi ke nema a takin yuriya, yawancinsu masu ɗaci ne, kuma suna aiki a kan jijiyoyi da ƙwaƙwalwa da zuciya. Zaƙami yana da sikofolamin da hayosiyamin, gwaska tana da kasayin, taba tana da nikotin, goro yana da kafeyin. An san fiye da nau'i 12,000 na wannan rukuni. Tsiro yana ƙera su ne domin kare kansa daga ƙwari da dabbobi da cututtuka, tun da ba shi da ƙafar gudu. Sai dai ba kowane ɗaci ne alkaloyid ba. Ɗacin maɗaci da na dogon-yaro daga wani rukuni ya fito, haka ma dafin kwankwani, wanda da 'ya'yansa maharba suka fi dafa dafin kibiya.

Kinin da kogin Kwara

A farkon ƙarni na 19 aka fara ware waɗannan sinadarai daga jikin tsiro. Wajen 1805 wani mai haɗa magunguna Bajamushe, Friedrich Sertürner, ya fitar da mofin daga ƙaron tsiron ofiyom. A 1819 Carl Meissner ya ƙirƙiri sunan alkaloyid, wanda tushensa kalmar Larabci ce mai nufin tokar tsiro, domin halinsu a ruwa ya yi kama da na ruwan toka. A 1820 Faransawa biyu, Pelletier da Caventou, suka fitar da kinin daga ɓawon bishiyar sinkona ta Kudancin Amurka. A 1828 aka ware nikotin.

Kinin ya shafi tarihin wannan ƙasa kai tsaye. Tawagar da Ingila ta aiko kogin Kwara a 1841 ta yi asarar Turawa fiye da 40, yawanci saboda zazzaɓi. A 1854 Dokta William Baikie ya shigo da jirgin ruwa ya hau Binuwai, yana ba mutanensa kinin kullum, ya koma bai rasa ko ɗaya ba. Daga nan kogin ya buɗe wa 'yan kasuwa, bayansu soja. A farkon 1901 dakarun Ingila ƙarƙashin Lugard suka ci Kontagora, Sarkin Sudan Ibrahim ya fita, daga baya aka kama shi, aka mayar da shi kan gadonsa a 1903, ya zauna har rasuwarsa a 1929. Hedikwatar Turawa ta Arewa ta koma Zungeru a 1902, dab da Wushishi, Kontagora kuma ta zama cibiyar lardi.

Likitan da ya rubuta sunayen

Cikin ma'aikatan da aka turo sabon lardin akwai likita ɗan Sikotilan, John McEwen Dalziel, wanda aka haifa a 1872. Ya yi aikin asibitin mishan a kudancin ƙasar Sin daga 1895 zuwa 1902, sannan ya shiga aikin likita na Afirka ta Yamma a 1905. A Kontagora ya fara tattara ganyaye da furanni yana busarwa, yana tambayar mutanen gari sunan kowanne da amfaninsa. Samfuransa na 1905 da 1906 suna ajiye a lambun bincike na Kew da ke Landan, kuma a 1907 aka buga bayaninsa a kan albarkatun tsirran Kontagora a mujallar Cibiyar Daular Ingila. Ya ci gaba da wannan aiki a Yola da Katagum da Sakkwato. A 1916 ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, daga 1927 zuwa 1936 shi da John Hutchinson suka wallafa babban kundin tsirran Afirka ta Yamma, a 1937 kuma ya fitar da littafin tsirrai masu amfani na yankin. Ya rasu a 1948. Bishiyar hano, wadda ake kira ararraɓi, da sunansa masana suke kiranta, Boswellia dalzielii.

Muhimmancin aikin shi ne ya ɗaura sunan Hausa a kan sunan da masanan duniya suka sani, ta yadda mai bincike a kowace ƙasa zai gane wace bishiya ce tafashiya. Sanin da ke cikin littattafan kuwa na maharba ne da manoma da 'yan mai ganye da suka amsa masa tambaya, waɗanda ba a rubuta sunayensu ba.

Murucin bisa da danginsa

Cikin sunayen da ƙamus ɗin ya adana akwai murucin bisa, wanda kuma ake ce wa manta-uwa. Tsiro ne da yake zama a kan reshe ko a cikin gwiwar babbar bishiya. Ba kamar kauci ba, ba ya tsotsar ruwan jikin mai masaukinsa. Saiwoyinsa farare suna miƙewa sama su zama kamar kwando, su tare busassun ganye da ƙura, daga nan yake samun abinci. Karansa mai kauri ne mai ajiye ruwa, kamarsa da murucin giginya ce ta jawo masa sunan farko. Furensa rawaya ne mai ɗigo-ɗigon ja-ja kamar fatar damisa. Suna na biyu kuma na maganin da ake ba yaro lokacin yaye ne don ya daina ƙulafucin nono, kuma akwai wasu tsirrai da suke tarayya da shi a wannan suna. Masana suna kiransa Ansellia africana, don tunawa da John Ansell, ma'aikacin lambu da ya biyo tawagar 1841 ya samo shi a tsibirin Fanando Po.

Murucin bisa ɗan dangin okid ne, ɗaya daga cikin manyan dangogin tsirrai masu fure, mai nau'i kusan 28,000. Fanila da ake sa wa kek da askirim daga wannan dangi take. A dajin doka akwai wasu 'yan dangin masu zama a ƙasa, jinsin Eulophia, waɗanda suke ɓoye ƙullutunsu a cikin ƙasa da rani, su fitar da fure bayan ƙunar daji ko da saukar ruwan farko. Irin okid ƙanana ne kamar ƙura, ba su da guzurin abinci a cikinsu, don haka ba sa tsirowa a daji sai wani nau'in fumfuna, dangin naman kaza, ya shige su ya ciyar da su.

Inda aka fi nazarin alkaloyid na okid shi ne ƙasar Sin. A can busasshen karan Dendrobium, wanda suke kira shihu, yana cikin littafin magani na Shennong da aka tattara kusan shekara 2,000 da suka wuce. A 1932 masu bincike a Japan suka ware sinadarin dendirobin daga nau'in Dendrobium nobile, a 1964 aka tantance fasalin gininsa. Kundin magunguna na hukumar Sin ya shar'anta kada dendirobin ya gaza kashi 0.4 cikin 100 a busasshen karan wannan nau'i. Yankin Chishui a lardin Guizhou ya yi suna wajen nomansa. Manoman can sun daɗe da sanin abin da masu maganin Kontagora suka sani: tsiro ɗaya, ƙarfi dabam-dabam, gwargwadon wuri da shekaru da lokacin girbi.

Yadda ƙwayoyin gado suke sarrafa ƙarfin magani

Kowane ɗan ƙaramin ɗaki na jikin tsiro yana ɗauke da cikakken umarnin halittarsa a rubuce a zaren gado. Kowane yanki na umarnin shi ne ƙwayar gado, kuma da yawansu bayani ne na yadda za a ƙera wani furotin mai aiki da ake kira inzayim. Alkaloyid ba ya samuwa a mataki ɗaya. Kamar fata a majema, yana wucewa daga hannu zuwa hannu, kowane inzayim ya yi nasa ya miƙa wa na gaba. In hannu ɗaya ya tsaya, aikin duka ya tsaya.

Ba dukan ƙwayoyin gado ne suke aiki a lokaci guda ba. Akwai wasu furotin da aikinsu shi ne su zauna a goshin ƙwayar gado su kunna ta ko su kashe ta, kuma ɗaya yana iya kunna jeri guda gaba ɗaya, yadda madugu yake tayar da ayari. Manyan zuriyoyinsu a tsirrai ana kiransu MYB da bHLH da WRKY da ERF. Su ma umarni suke jira. Idan tsutsa ta ci ganye, ko aka ji wa tsiro rauni, yakan fitar da wani sinadarin gangami mai suna jasmonet, shi kuma ya saki waɗannan madugai su kunna masana'antar dafi.

Taba ce misalin da aka fi fahimta. A saiwa ake ƙera nikotin, sannan ya hau zuwa ganye. Manomin da ya karye kan taba don kada ta yi fure yana ƙara mata ƙarfi, domin raunin yana tayar da gangamin. An daɗe da sanin wurare biyu a zaren gadonta, NIC1 da NIC2, waɗanda lalacewarsu ke ba da taba marar ƙarfi. A 2010 masu bincike a Nara ta Japan suka nuna cewa NIC2 tarin madugai ne na zuriyar ERF. Zaƙami ma a saiwa yake ƙera nasa ya tura sama, abin da ya dace da bambancin da masu magani suke yi tsakanin sassan itace.

A okid, ginin dendirobin yana farawa ne daga hanyar mebalonet, wadda take samar da tubalan masu ɗauke da kabon biyar-biyar. Ana haɗa uku su zama ƙashin baya mai kabon 15, wasu inzayim na rukunin P450 su lanƙwasa shi su ƙara masa iskar oksijin, daga ƙarshe a saka naitirojin. An buga taswirar zaren gadon Dendrobium officinale a 2015 da 2016, aka ƙirga ƙwayoyin gado wajen 29,000 a bugun 2016, daga baya aka yi na Dendrobium nobile. Gwaje-gwaje sun nuna fesa jasmonet yana ƙara yawan alkaloyid tare da tayar da ƙwayoyin gadon wannan hanya. Wani bincike na 2017 ya nuna fumfunar da aka lakaba wa MF23, in ta zauna a saiwar tsiron, tana ƙara dendirobin ta hanyar sauya aikin waɗannan ƙwayoyi. Matakan ƙarshe na ginin har yanzu ana kan tantance su, binciken okid na Afirka kuwa bai kai ko kusa da na Sin ba.

Sana'ar a zamanin yau

Asibiti da kemis ba su kashe sana'ar ba. A kasuwannin Kontagora da Rijau da Mariga har yanzu ana sayar da sassaƙe da saiwoyi, an kuma ƙara da garin magani a leda da ruwan jiƙo a gora, da motoci masu lasifika da suka gaji magori. Gwamnatin tarayya ta kafa cibiyar binciken magunguna ta NIPRD a Abuja a 1987, da hukumar NAFDAC a 1993, wadda take yi wa magungunan gargajiya rajista. Daga haɗin wani mai maganin gargajiya cibiyar ta samar da Niprisan na masu sikila, wanda cikin kayansa akwai masoro da kanumfari da karan dafi.

Babbar matsalar ita ce awo. Tun da yawan alkaloyid yana hawa yana sauka da ƙasa da yanayi, kofi ɗaya na jiƙo yau ba lalle ya yi daidai da na gobe ba, kuma a tsiro irin zaƙami tazarar da ke tsakanin magani da guba 'yar kaɗan ce. Muhalli ma yana shiga cikin saiwa. A 2013 aka ba da rahoton samun tiramadol a saiwar tafashiya a arewacin Kamaru, aka zaci bishiyar ce take ƙera shi. A 2014 masu bincike daga Dortmund ta Jamus suka nuna cewa daga fitsarin mutane da shanun noma da ake ɗura wa ƙwayar ya shiga ƙasa, gwajin kabon na 2016 kuma ya tabbatar da cewa na masana'anta ne.

Matsala ta biyu ita ce ƙarewar daji. Faɗaɗa gonaki da saran katako da ƙona gawayi sun rage manyan itatuwa, sassaƙa bishiya zagaye guda kuma yana kashe ta. Tsiro irin murucin bisa shi ya fi jin jiki, domin yana buƙatar tsohuwar bishiyar da zai zauna a kai da fumfunar da za ta tsirar da irinsa. Yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda Nijeriya take ciki, ta sa dukan dangin okid a ƙarƙashin sa-ido wajen cinikin ƙasa da ƙasa. A cikin masarautar Kontagora akwai dajin Zugurma da doka ta keɓe, wanda yake ɓangare ne na gandun dajin ƙasa na tafkin Kainji.